Ƙa'ida ta Ɗari Uku da Ɗaya

A Sheffield ana yayyafi tun asuba,
ni da dattijo Clive Hebden muna bakin tanderu.
Shekara arba'in da biyu yana narka ƙarfe,
watan gobe zai ajiye aiki.
Ni aka ɗauko in juye kansa cikin manhaja
kafin ya tafi da abinsa gida.

Na ce, "In zafi ya kai kaza, me kake yi?"
Ya ce, "Ya danganta."
"Da me?"
Ya kurɓi shayi, ya dubi wutar.
"Da launinta. Da irin kukan da take yi."

Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.
To ta yaya zan rubuta ido
da "in kaza" da "sai kaza"?

Duk da haka na rubuta.
Ƙa'ida ɗari uku, kowace da ƙanwarta,
na jera kasada a allon ofis,
wannan ja, wannan rawaya,
wannan kore don hankalin manaja ya kwanta.
Madam Fenwick ta ce Juma'a za a kunna.
Na ce a bari in gwada ta da tsohon kundi,
wanda maiƙo ya cinye gefensa.

Na ba ta alƙaluman wani daren hunturu.
Ko gezau ba ta yi ba, ta amsa:
ƙara wuta.

Clive bai ce uffan ba.
Ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu,
sai ga tabon, fari fat, yana sheƙi.
"Ni ma abin da na ce ke nan a daren."

Ban runtsa ba.
Ashe jahilcinta bai kai ƙarfin halinta haɗari ba.
Kafin motar farko ta wuce layinmu
na ƙara mata ɗaya:
in lissafi ya saɓa, ki tsaya,
ki ce ban sani ba, a kira mutum.

Madam ta ce, "Kuɗin nan duka
don injin da zai ce bai sani ba?"
Na ce, "Wannan layin ya fi sauran tsada."
Aka ɗaga Juma'a zuwa bazara.

Ranar sallama an yanka kek.
Clive ya yagi 'yar takarda,
ya rubuta lambar wayar gidansa,
ya manna a goshin kwamfutar.
"In ta rikice, ku buga.
Amma ban da Asabar, ina kamun kifi."