Lemo Huɗu da Ƙusa

Shekara talatin ina tura jirgi a Bahar,
daga gaɓar Mai Wurno zuwa wancan ƙetare,
har kafaɗa ta ce ta gaji.
Yanzu mabuɗi goma sha ɗaya ke kuka a aljihuna.
Ni ke buɗe makaranta kafin rana ta leƙo,
ni ke rufe ta in awaki sun koma gida.

Ran Lahadi Ustaza Ihlas ta aike ni kasuwa:
lemon tsami huɗu, ƙusa huɗu,
da guntun wayar tagulla.
Na ce, "Miya za a yi, ko gini?"
Ta ce, "Wuta, Baba Tukur."
Na haɗiye dariyata.
Mai gadi ba ya musu da mai alli.

Yara sittin da uku a aji huɗu,
hurhuɗu a benci, gwiwa na gugar gwiwa.
Ta ce in rufe tagogi. Na rufe,
amma na manta da kaina a ciki.
Ta soke lemo, ta ɗaura waya,
wannan ya kama hannun wancan,
sai ga ɗan ja a cikin duhu,
bai kai ƙwayar dawa ba,
amma numfashi sittin da huɗu ya tsaya.

Dafa'allah ya ce, "In mun haɗa lambun kawuna kaf,
madatsar Sinnar za ta ji kunya?"
Badariyya ba ta yi dariya ba.
Ta ce, "Yaushe zai mutu?"
Ustaza ta ce, "Ban sani ba.
Ɗauki agogona, ki zauna kusa, ki rubuta mana."

Ban sani ba!
Na ketare da malamai, na ketare da fatake,
na ketare da mai maganin kunama,
ban taɓa jin babba ya faɗi haka a gaban yaro
ya kuma tsaya da ƙafafunsa ba.

Kwamfuta ɗaya gare mu, ta tsufa, tana huci.
Abincinta rana ce, daga faifan da ke kan rufi,
ni ke hawa in goge masa kashin tattabaru.
Kowa minti biyu.
Mai jiran layi yana da kwalin sukari
da aka zana wa haruffa da gawayi,
yatsu na rawa a kai kamar kaji a kan tsaki.

Ran Laraba batir ya ƙi.
Ta dube ni: "Yau kai ne na'ura.
Abin da suka faɗa kaɗai za ka yi, ko da ka fi su sani."
"Taku uku gaba!" Na yi.
"Juya dama!" Na juya.
"Yi ta tafiya!"
Na yi ta tafiya, ina ganin randa,
randa tana ganina,
babu wanda ya tuna da kalmar tsaya.
Ruwa har ƙofar ofis.
Ta ce, "Laifin wa?"
Shiru. Can wata ƙaramar murya: "Namu."
Suka koma allo neman inda maganarsu ta yi rami.

Bahar bai taɓa jin umarnina ba,
lallashi na koya, da karanta fuskar ruwa.
Waɗannan wani kogi za su shiga
wanda ban san gaɓarsa ba.

Daren jiya na sayi lemo da kuɗina.
Hajara na kallo daga bakin murhu
na soke, na ɗaura, na yi bisimilla.
Duhu ya ci gaba da zama duhu.
Ta ce, "Ba ni su in matse a kunu."
Na hana.

Da safe na nuna wa Badariyya a ɓoye.
Ta juya ƙafar ƙwan, ta ce, "Baba, baibai ka sa."
Ya kama.
Sannan ta matsa kaɗan a kan benci,
ta bar mini wurin da bai fi tafin hannu ba.