Ɗaya Cikin Biyar

Ƙaguwa ce ta yakushe shi a ƙwauri,
ranar Talata, a fadamun Luwiziyana,
ruwan gishiri ya yi ɗumi kamar romo.
Alcide ya tofa wa wurin yawu,
ya ci gaba da jan raga.

Da dare ƙafar ta yi jawur.
Odile ta zagaye jan da biro.
Kafin asuba ya tsallake layin
yadda ambaliya ke raina shinge.

Likita ta ce abin ba kasafai ba ne,
dubbai na shiga ruwan nan
su fito da yashi kawai a tafin ƙafa.
Amma cikin waɗanda ya damƙa,
ɗaya a biyar ba ya komawa gida.

Odile ta dubi yatsun hannunta.
Wanne ne mijina?

Sau uku ana yanka
kafin wuƙa ta riga ƙwayar cutar isa gwiwa.

Yanzu yana zaune bakin gaɓa,
takalmin roba ɗaya na tara ruwan sama a ƙofar gida.
Jikarsa ta sheƙo za ta faɗa ruwa.
Ya ce, "Dakata.
Zo in ga ƙafar tukuna."