Malam Ya Sauka Bayan Rumbu

Jikana Sallau ne ya kawo irin daga Kazaure,
ƙulle a takardar sabulu,
baƙaƙe, ko riɗi ya fi su girma.

Na kafce taku uku bayan rumbu,
na zuba kashin awaki da tokar murhu.
Ruwan alwalata nan yake gangarawa.

Ilu ya leƙo ta kan danga:
"Shekara sittin kana noma,
sai yau ka shuka abin da ba a miya da shi?"
Na ce ido ma yana jin yunwa.
Ya yi dariya har ya ƙware da goro.

Kwana tara ƙasa ta ja bakinta.
Na goma, kore ya leƙo kamar kunnen ɓera.
Akuyar Tabawa ta cinye rabi.
Na saro ƙayar aduwa na kewaye saura,
har yau hannuna da shaida.

Da marka ta yi nisa
ja ya buɗe, sai ruwan ɗorawa,
sai wani launi da ban san sunansa ba.

Ran Laraba da hantsi ya iso,
malam-buɗe-littafi, fari mai ɗigon baƙi.
Ya sauka kan jan fure,
ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa.
Ni da ban yi nisa a allo ba
na tsuguna na karance shafi biyun nan tas.

Jiya sun kai goma sha ɗaya.
Ilu ne ya ƙirga.
Da zai tafi bai ce uffan ba,
tafin hannu kawai ya miƙo.