Haƙora Ashirin da Huɗu

Labbo, aje tsintsiya, zo ka zamna.
Wata uku kana sharar dusar katako
a rumfar nan ta Mabera,
yau za ni ba ka zarton wuta.
Amma kamin ka taɓa shi, dibi ƙafata.

Ƙirga da kyau. Huɗu.
Na biyar shina gindin dogon yaro
bayan shagon Modi mai walda,
cikin tsumma nir rufe shi, shekara tara ke nan.

Rufin aji shida munka amsa a Wamakko.
Bazara ta kai inda kwalta ka laushi,
hadari na leƙe daga gabas,
ɗan kwangila tsaye bisa kaina da agogo.
Murfin faifai na jinkirta ni, haka nig gani,
sai niɗ ɗaure shi baya da guntun waya.
Na gama yanka, na saki kunama,
na dire zarto ƙasa awa buta.
Ashe faifai bai gama magana ba.
Ya kama siminti da haƙora, ya taho da gudu,
ni ko silifas gare ni.
Ban ji zafi ba da fari.
Dusa nig ga tana sauya launi.

To, tashi.
Tuɓe doguwar riga, rataye ta can,
wanga abu bai san shadda ba, bai san nama ba.
Sa takalmi rufaffe. Sa gilashin nan, ko da ya dushe,
ido ba ya da na canji a kasuwar Kara.
Shafa katakon, nemi ƙusa.
Tsohon katako maƙaryaci ne,
shina ɓoye ƙarfe awa mai bashi shina ɓoye fuska.

Kada ka aza shi bisa gwiwa
ko da ka ga wani na yi bai mutu ba.
Aza shi bisa benci, ɗaure shi tamau,
bar guntun da za ka yanke shi samu wurin faɗuwa.
In ka tokare shi gefe biyu, ka yanka tsakiya,
bakin katako zai matse faifai,
zarto shi yo baya da shuri.
Jaki ma kan murɗa kunne kamin shi harba,
wanga ba ya murɗa komi.
Don haka kauce, tsaya gefe,
kada cikinka shi zan bayan layi.

Sassauta faifan, haƙori ɗai za shi leƙo ƙasa,
abin da yaf fi haka neman rigima ne.
Waya bayanka. Hannu biyu.
Bari shi ɗauki kuka sosai kamin shi sumbaci itace,
ka bi shi, kada ka tura shi,
in ya tirje, saki kunama, jira.

Af. An ɗauke wuta.

Kai! Janye hannunka!
Mi kaka nema wurin haƙoran?
Don ya yi shiru kaka cewa ya mutu?
Wuta ba ta sallama in za ta dawo, Labbo.
Zare shi daga soket tukuna,
riƙe kan wayar a hannunka, ka gan shi da idonka,
sannan ka ƙirga haƙora in kana so.
Ashirin da huɗu ne. Na daɗe da sani.

Uwarka ta kawo min kai da yatsu ashirin
da goro biyar a leda.
Goron na ci.
Yatsun nika son mayar mata.

Je ka amso muna fura wurin Inna Dije,
ka ce Arzika ya ce a ƙara nono.
In wuta ta dawo kamin azahar
ka yanke allon nan, ni ina kallo,
kuma ba ka aje shi ba
sai faifai ya tsaya cik,
sai murfi ya koma ya rufe bakinai.