Ɗakin Wanki

Shekara goma sha ɗaya ina wanki
a ɗakin ƙasa na gidan renon matasa da ke bakin Danube,
can ƙarshen Galați, inda bas ke juyawa ta koma wayam.
Sunana Viorica. Ba ya cikin rahoton kowa.

Ba na hawa sama sai ranar albashi,
amma sama na sauko mini duk Talata
cikin kwanduna huɗu.

Zanin gado bai iya ƙarya ba.
Na gado na tara, na Dorinel ne,
kullum a jiƙe, yaro ɗan shekara sha huɗu,
tun daren da aka kulle shi a ɗakin gawayi
don ya ɓoye burodi cikin safa.
Na gado na sha biyu a ƙulle yake zuwa, tamau,
kamar mai shi na roƙona kada in kwance.
Nakan kwance. In zuba gishiri da ruwan sanyi.
Jini na fita in ka san kansa.
Ni kuwa na san kansa, laifina ke nan.

Rigar Ilinca ta yage daga kafaɗa,
wai ƙofa ce ta kama.
Sau uku ƙofar nan na kama hannu ɗaya,
ƙofa mai yatsu biyar.

In masu bincike za su zo, da mako biyu mun sani.
Warin fenti ne ke fara gaya mana.
Tănase, shugaban gida, ya sa a fito da shuɗɗan barguna
da ke kwana a akwati shekara guda,
a jera lemo a kwano, a ƙirga: ashirin da shida.
Yaran da bakinsu ba ya rufuwa
a ba su rabin ƙwaya a shayin safe,
su yini suna kallon bango.

Matar ta zo da baƙar jaka da mura.
Ta auna faɗin taga,
ta karanta kwanan watan da ke jikin tulun kashe gobara.
Ta tambayi Dorinel ko yana jin daɗin zama,
Tănase na tsaye, hannunsa bisa kafaɗar yaron.
Ya ce e.
Ta sha kofi, ta sa hannu, ta bi jirgin ƙarfe huɗu.
Matakala goma sha bakwai ne tsakanina da ita.
Ba ta sauko ba.
Ni ma ban hau ba.
Da yamma aka ƙirga lemo, ashirin da biyar,
na ƙara wa injin wanki gudu don kada in ji
yadda ake neman ɗayan.

Ina da jika mai asma, ina da kuɗin haya.
Na ce wa kaina ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba,
na yi ta haɗiya har wuyana ya saba.

Sai ga Talatar farko ta Fabrairu.
Zanin gado na tara ya sauko a bushe,
linkin da na yi masa bai ko motsa ba.
Takarda ta ce yaron ya gudu da ƙafarsa.
Takalmansa kuwa na ƙasan kwando, ƙafa biyu,
igiyar ɗaya ɗinkin hannuna ce.
Wa ke gudu cikin dusar ƙanƙara ba takalmi?

Ranar ban taɓa gishiri ba.
Zanin gado na sha biyu na naɗe shi yadda ya zo,
da ƙullinsa, da takalman,
cikin ledar da nake zuwa da abincin rana.
Mai gadi ya ce, yau kin yi ƙiba, Viorica.
Na ce sanyi ne.

Ofishin mai gabatar da ƙara na buɗewa ƙarfe takwas.
Ban san ko za su karɓi wanki mai datti
daga hannun tsohuwar da bilic ya cinye wa zanen yatsu ba.
Ledar na kan kujera, kusa da ƙofa.
Jikana ya tambaye ni mene ne a ciki.
Na ce aiki ne da ban gama ba,
je ka kwanta.