Sau Tara Na Mutu Ranar Talata

Sau tara na mutu ranar Talata.
Uku a ruwa, biyu a gadon asibiti,
sauran sun ɓace mini.
An manna mini fararen ɗige-ɗige a fuska,
an zura ni a riga mai kama jiki kamar fatar kwaɗo.
Ɗakin kore shar, ba kogi, ba kwalekwale,
sai darakta Ubiratan da lasifikarsa:
"Iranilda, sake nutsewa,
amma wannan karon kin san wanda ya tura ki."

A da, wasan talabijin hanya ɗaya gare shi.
Tara na dare Belém ta yi tsit,
mai tallan kifi da alƙali suna jiran abu guda.
In an kashe tauraruwa, makoki ɗaya gari ke kwana da shi,
da safe a yi wa juna gaisuwa a bas.
Yanzu kowa da gawarsa.
Maƙwabciya ta aurar da ni ga likita,
ɗanta ya mai da ni ɓarauniyar zinariya,
wani yaro a Osaka, in ji su, ya jefa ni kogi sau arba'in
don yana son ƙarar tsundum.

Babana Valdomiro
shekara talatin da takwas yana gyaran talabijin
a rumfar bayan kasuwar bakin ruwa.
Ya san cikinta yadda mahauci ya san kayan ciki,
amma ba ta taɓa neman shawararsa ba
sai da Kauan, ɗan yayata, ya ɗora masa na'ura a cinya:
"Kaka, ka danna nan, ta hau jirgi.
Ka danna nan, ta tsaya a gaɓa.
Daƙiƙa goma gare ka."

Na je gaishe shi ran Lahadi.
Ruwan la'asar ya sauko kan lokacinsa,
mangwaro na faɗowa kan kwano, tim, tim.
Na tarar da kaina a bango,
ƙafa ɗaya kan katakon jirgi, ɗaya a ƙasa.
Kwana uku ke nan ina tsaye a wurin.
Maɓallin dakatarwa kaɗai tsohon ya riƙe.

Ya ce, "Na sa ki a jirgi, ruwa ya ci ki.
Na bar ki a tudu, ga mai wuƙa.
Yaron nan ya ce akwai hanyar da kike tsufa,
sai an dace sau talatin a jere.
Yatsuna sun sandare."

Na yi dariya. Baba, ai sana'a ce,
kowace mutuwa da kuɗinta.

Bai dube ni ba.
"Ranar da uwarki ke numfashi sama-sama,
ba wanda ya miƙo mini maɓalli."

Akwai hanyar kuwa. Ni na yi ta.
Minti huɗu: furfurar aro, kujerar lilo,
ina ɓare wake a tsakar gida.
Mutum biyu cikin ɗari ke isa can.
Na karɓi na'urar don in kai shi,
sai na ga ban san hanya ba.
Gunduwa-gunduwa aka ɗauke ni,
ba wanda ya nuna mini inda aka ɗinke.

Ban gaya masa takardar da na sa wa hannu ba:
baɗi inji zai ari fuskata da muryata
ya ƙera wa kowane gida irin ajalin da yake so,
mutuwar da ban taɓa yi ba,
kukan da bai bi ta maƙogwarona ba.

Ruwa ya tsagaita.
Waccan tana nan, iska na taɓa gashinta,
ƙirjinta na hawa da sauka, tana jiran umarni.
Baba ya tashi da ƙyar,
ya zubo soyayyen kifi da garin rogo,
ya rage wa talabijin haske don kada ta gaji,
ya ce, "Ci abinci.
Ita ma ba inda za ta yau."