Saniya Mai Tabarau

Ƙarƙashin gadona a Agege akwai kwalin taliya uku.
Ba taliya a ciki, ba kuɗi,
kaset ne na bidiyo masu warin ajiya,
katun ɗin kaboyi da ko masu zana su sun manta.

Na farkon a Alaba na tsinto shi,
shagon Obiora, cikin tarin matattun rimot.
Ya ce, "Malam, kwashe, ka rage mini shara."
Na miƙa ɗari biyar, ya raka ni da kallon tausayi.

A ciki akwai ɗan doka mai gashin baki har gwiwa,
bindigarsa sai ta yi tari kafin ta tashi.
Dokinsa ya fi shi wayo,
in gudu ya kama, shi ke hawan ubangidan.
Ɓarawon shanu ya zarce bakin dutse,
ya taka iska taku bakwai,
sai da ya leƙa ƙasa, ya ɗaga malafa,
sannan ya yarda ya faɗi.

Daminar Ikko ba ta da kara.
Funfuna na bin zaren kaset kamar gara a azara.
Ran Lahadi nakan zauna da auduga
ina goge hamadar wasu mutane,
ruwa na dukan kwano, kwandastan danfo na kiran Oshodi.
Asabe ta leƙo ta ce, "Da furfurarka?"
Na ce, "Da ita."

Ba ta riski Baba Jatau ba.
Shekara talatin yana sauke shanu a Oko-Oba,
ƙahon bijimi ya yi masa rubutu a haƙarƙari,
ban taɓa ganin haƙoransa ba
sai daren da talabijin ɗin maƙwabta
ta nuno kaboyi yana wulwula igiya bisa kai.
Tsoho ya tuntsire, hula ta faɗa miya:
"Wannan ko ɗan akuya ba zai kama ba!"

Shi nake nema. Ban san sunansa ba.
Na dai tuna wata saniya mai tabarau,
ita ta ɗaure kaboyin, ta zauna tana tuƙa.
Na zazzage Idumota, na ci ƙurar Ladipo,
kaset arba'in da bakwai, babu ita.

Duk da haka in an kawo wuta
nakan jawo kujerarsa ta roba, mai ɗaurin waya a ƙafa,
in tura sabon kamu, in rage murya,
in bar masa gefen da ya fi ganin allo.